Kunun Yaya Hansai Mai Kwana Huɗu

Al-Jaradiya, Riyad
12 ga Mayu, 2016

Assalamu alaikum, Yaya Hansai.

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ya zafi, ya mutanen Gubaira? Ƙanenki Ghali lafiyarsa ƙalau, amma bai san na rubuta wannan ba. Maganar ba ta waya ba ce, shi ya sa na ba Dalhatu direba ya miƙa miki hannu da hannu. In kin karanta ki ƙona.

Na gode da kunun zakin da kika aiko mana ranar Talata. Ina murɗa murfin jarkar sai ta huro min iska, kumfa ta biyo hannuna. Ƙamshin farko na citta da kanumfari ne, wannan naki ne, na san shi. A bayansa akwai wani daban: warin turken awaki bayan an yi ruwa, da na fata a majema, da zaƙin dabinon da ya fara lalacewa. Na ɗanɗana a bakin cokali. Tsaminsa ya kama min muƙamuƙi kamar ɗanyen mangwaro, ya busar da harshe, sai kuma wani ɗumi ya gangara ƙirji a hankali. Abin da ya fito daga firij ba ya ɗuma ƙirji, Yaya.

Jiya na kai kaɗan ɗakin gwajin asibitinmu, na auna lokacin da kowa ya fita cin abinci. Kashi shida cikin ɗari barasa ce. Giyar kwalba da yawa ba ta kai haka ba.

Ban ce da gangan kika yi ba. A Zariya kina damawa ki rufe da faifai, washegari a shanye. Nan kin samu dabino a banza kina niƙa shi a ciki maimakon dankali, ki ɗura a jarkar zamzam ki toshe saboda ƙura, ki bar shi a saman bene kwana huɗu, don leburori sun ce mai kwana ya fi daɗi. Na yarda ya fi musu daɗi.

Ɗakin da kike ciki da sunan Ghali aka kama shi. Ranar da shurta, 'yan sandan ƙasar nan, suka buɗe jarka ɗaya, ba za su tambayi niyyarki ba. Kurkuku ne, daga nan a ƙwace iƙama, takardar izinin zama, a sa ku jirgi, ke da shi. Ki zubar da abin da ke sama tun kafin azumi ya kama.

Na bar ki lafiya.
Matar ƙanenki,
Bilƙisu


Gubaira
Asabar

Wa alaikumus salam, Dakta.

Gaisuwarki ta iso, lafiyata lau, Alhamdulillahi. Takardarki ma ta iso, kuma ban ƙona ba, tana ƙarƙashin katifa.

To ashe ni ce mai burukutu. Ni Hansai da na yi Hajji uku, ni da na goya mijinki a bayana yana min fitsari. Shekara talatin ina dama kunu a ƙwaryar Inna, tun kina rarrafe. Ƙwaryar nan na ɗauko ta a cinyata daga Kano har Jidda, sabulu bai taɓa ta ba, haka Inna ta bar mana. Kunu in ya kwana ya yi tsami, wannan ko akuya ta sani. Sai da ya shiga kwalbar asibitinku ya zama giya?

Mutanen da kike kira leburori sun fi ki sanin abin da suke sha. Lado birkila ba ya wuce sahun farko a masallaci, kuma duk Juma'a jarka biyu yake ɗauka shi da 'yan ɗakinsu. Shi ma ɗan giya ne ke nan?

Na san abin da ke cin ki. Kunya kike ji a ce yayar mijin Dakta tana sayar da kunu a Gubaira. Tun ranar sunan ɗanku Amir da kika ce wa matan likitoci wai ni “mai taimaka mana ce”, na gane ki. Na ji da kunnena, ina tsaye da tire a hannu.

Abu ɗaya nake so ki faɗa min. Gero ne da dabino da citta, halas. Ke da kika san warin giya da tsaminta da yadda take sauka a ƙirji, a ina kika koya? Gobe Ghali zai zo, ina ganin zan tambaye shi ko ya sani.

Allah ya shirya.
Hajiya Hansai


Al-Jaradiya
16 ga Mayu, 2016

Assalamu alaikum, Yaya.

Ina gaishe ki, da fatan katifar ba ta takura wa takardar ba.

Tambayarki tana kan hanya, ga amsa. A Beljiyam na yi digirina na biyu, kan ƙwayoyin da ke sa abinci tsami. Malaminmu ya kai mu wani tsohon gidan giya inda ba sa zuba yis da hannu. Dafaffen ruwan hatsi suke shanyawa a buɗe, su bar taga, yis ɗin da ke yawo a iska da wanda ya zauna a jikin katako ya faɗa ciki ya yi aikinsa. An ba kowa kurɓi ɗaya. Na kurɓa, na yi istigfari, na kuma ci jarrabawar. Ghali ya san wannan tun kafin a kai lefe. Jiya ya dawo daga wurinki bai ce min komai ba, sai na gane ba ki tambaye shi ba. Da kin tambaya, da sai kin nuna masa takardar gaba ɗaya.

Abin da Turawan nan ke shekara suna lallashi, ke kina samunsa a kwana huɗu. Ƙwaryar Inna ita ce katakonsu. Shekara talatin ba sabulu, kowace tsaga a jikinta gida ce ta yis. A gida gero kawai yake samu, sai ya tsaya a tsami. Nan kin ba shi dabino, kin ba shi zafin Riyad, kin toshe masa ƙofa. Da can kike, da lambar yabo za su rataya miki.

Maganar ranar suna gaskiya ce. Na faɗa, kuma bai kamata ba. Amma rashin kirkina ba ya rage ko ɗigo daga kashi shidan nan.

Lado kuwa, ki tambayi Dalhatu wa ya rera waƙar 'yan dambe tun daga Gubaira har Al-Oud a bayan motarsa ranar Juma'ar da ta wuce, ana tsaye a danja kusa da motar shurta.

Na lura da abu ɗaya. Tun da likita ya hana ki zaƙi saboda ciwon suga, ba ki ƙara kai kununki baki ba, da hanci kike aunawa. Kina rantsuwa a kan abin da rabonki da shi shekara uku. Ki sauko da mai kwana huɗun, ki sha kofi ɗaya da rana tsaka, a zaune. Kofi ɗaya ba zai kashe ki ba, na duba. In ba ki ji komai ba, zan zo har Gubaira in durƙusa a gaban maƙwabtanki. In kuwa Alhamis ta yi jarkokin suna sama, zan faɗa wa Ghali ya mayar wa mai gida makullinsa.

Ki huta lafiya.
Bilƙisu


Gubaira
Laraba

Salamu alaikum, Bilƙisu.

Na sha. Kofi biyu, don kada ki ce na yi ha'inci. Bayan azahar ne, ni kaɗai.

Da aka kira la'asar na tashi alwala, buta ta kuɓuce min, na tsaya ina mata dariya. Na tayar da salla, ban san raka'a nawa na yi ba. Sai da na rama.

Jarka tara na juye a masai, na bi da ruwan omo don wari. Ghali ya riƙe makullinsa. Kada ki zo, ba na son durƙusonki, ba na son ganinki ma tukuna.

Amma ga abin da ya hana ni cin abinci tun jiya. Azumin bara, da na bara waccan, mutum kusan arba'in da kunun nan suka riƙa buɗe baki, ni na zuba musu da hannuna, suna sa min albarka, su tashi su tafi tarawihi. Ba zan iya kai wannan gaban malamin unguwa ba, kin san inda maganar za ta ƙare. Ke da kika san komai, faɗa min wa zan tambaya.

Wassalam.
Hansai