Kajin Turai Sun Cinye Makin Rovers

Gummi, ranar Talata.

Zuwa ga ɗana Sa'idu a Kano, gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah ya ƙara maka lafiya, kai da Aisatu da yara. Mu nan lafiya lau, an yi girbi, ƙafar Innarka Turai ta yi sauƙi. Malam Halilu ke rubutawa, amma bakina ne.

Bayan haka, ka san gasar ƙwallon ƙasa ta soma ne shekarar da motoci suka koma hannun dama, yau shekara shida. Tun lokacin ni ke riƙe lissafinta a majalisarmu, a gindin rediyo. Ban san baƙi ba, amma kowace ƙungiya tana da ƙoƙonta: wadda ta ci, masara biyu, kunnen doki ɗaya, wadda aka lallasa ta kwana da yunwa. Na ƙasa su gangara rukuni na biyu. Da masarar nan na naɗa 'yan Jos, na naɗa 'yan Benin, Rangers ta Inugu sau uku, Ibadan sau ɗaya. Ban taɓa kuskure ba.

To, ranar Juma'a na shanya ƙoƙunan saboda ƙwari, na tafi masallaci. Kafin in dawo kajin Innarka sun shiga gasa. Ba su taɓa Inugu ba, ƙoƙon Raccah Rovers taku suka share tas! Turai ta yi dariya har da hawaye, wai kajin ma sun san mai daɗi.

Ni na san Rovers na gaban Rangers da ƙwaya biyu. Amma Lado tela, wanda ya yi soja a Inugu ya dawo da son Rangers, ya ce ƙarya ne, wai tsufa ya ci kaina. Majalisa ta yanke cewa in ba shaida, lissafi ya koma hannunsa da biro, har da wurin zamana kusa da rediyo. Na ce masa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Don Allah ka yanko jadawalin gasar daga jarida, ka ba direban Gummi kafin Asabar.

Ka gai da Aisatu, da jikokina, Atiku da Nana mai kukan dare.

Gobe da sassafe zan gangara gulbi in tsinto tsakuwa manya-manya a madadin masara. Sai in ga kazar da za ta haɗiye kofin bana.

Ubanka,
Dabo