Dokin da Na Taɓa

Litinin, 6 ga Oktoba, 2025

Wata biyar ke nan da ranar da Malam, maigidana, ya rasa abokin wasan ces, darar Turawa, ya ce in aje littafina in riƙe masa baƙaƙen 'ya'yan. Na zauna da yatsa a shafin da jaruma ke kuka. Har yau ban ƙarasa littafin ba.

Laraba, 8 ga Oktoba

Ya ci ni uku bayan la'asar. Ni na ba shi duka ukun. Buɗin wasansa ɗaya ne kullum, kuma a motsi na bakwai yana fitar da sarauniya ya bar kusurwar sarkinsa a sake. Doki ɗaya ya ishe ni. Tun Yuli nake ganin ramin nan, ina kauda ido. A littattafaina namiji ke ci, mace ta yi murmushi.

Asabar, 11 ga Oktoba

Saura mako gasar ces da zai shiga. An haɗa shi da Malam Tambari na Ƙofar Atiku, wanda aka ce ba ya yafe kuskure. Tuwona ya kama.

Talata, 14 ga Oktoba

Hannuna ya riga ni. Na taɓa dokin, na janye da sauri.

"Ke Sakinatu, doka ce fa, abin da kit taɓa shi za ki motsa."

Na ce ƙura nake sharewa. Ya yi dariya: "To, yau na yahe miki, amarya." Da ya san wa aka yafe wa!

Laraba, 15 ga Oktoba

In na yi shiru, Tambari zai tarwatsa shi gaban mutane. In na nuna masa, zai gane wata uku ina yi masa ƙarya a kan allo. Yaya Zainaba ta ce a waya, "Mi ya kai ki? Namiji ba ya son a hi shi, rufa wa kanki asiri." Amma ai ba ita ke jin sa yana yabon buɗin nan a ƙofar masallaci ba.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Ya guge farar rigarsa tun yanzu, yana ta waƙe-waƙe. Na ɗauko littafin nan don in huce, na tarar jarumar na nan inda na bar ta tana kuka. Haushi ta ba ni, ban san dalili ba.

Gobe Juma'a, bayan an sauko, za mu yi wasan gwaji na ƙarshe. Na riga na taɓa dokin. Zan motsa shi.