Tayoyin Da Aka Sauya Wa Motar Aiki Ne Suka Ja Mini Dakatarwa

Zuwa ga Mai Girma Manajan Sufuri na kamfanin haƙa rijiyoyin burtsatse da nake yi wa tuƙi, Katsina.

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kana lafiya, ya iyali, ya ɗawainiyar aiki da haƙuri da jama'a. Allah ya ƙara taimako.

Sunana Lawal, direban farar fikof mai jan ƙafa huɗu da ke kai injiniyoyi da bututu ƙauyukan bayan Batagarawa. Shekara huɗu ke nan ina riƙe da ita. Firamare kaɗai na gama, don haka a yi haƙuri da rubutuna. Sau uku na zo ofishinka na zauna a benci tun hantsi har aka kira La'asar, ana ce mini kana mitin. Takardar dakatar da ni kuwa a Wasap ɗin direbobi aka sa ta, da sunana, da cewa ina gudun ganganci da motar kamfani. Tunda a fili aka faɗa, ni ma a fili zan ba da amsa.

Na farko, ba ni na nemi a sauya tayoyi ba. Da damina ta sauka, motar ta kafe a laka sau biyu, har mutanen gari suka fito suka turo mu. Kai ka ba da umarni a sa mata manyan tayoyi masu kaushi. Na ji daɗi a ranar, ba zan ɓoye ba, kuma gaskiya laka ta daina riƙe mu. Amma huɗu aka saya. Safaya aka bar ta yadda take, ƙarama. Na yi wa sito-kifa, mai kula da kayan kamfani, magana, ya ce safaya ai ta ɗan lokaci ce, mu je a haka.

Na biyu, maganar gudu, wadda a kanta aka dakatar da ni. Dokar kamfani ita ce kada a wuce kilomita casa'in a awa. Ni kuwa allurar gudu da ke gabana nake kallo, ba ni da wani ma'auni bayan ita, kuma ban taɓa bari ta haura casa'in ba. Amma tun satin farko na lura da abu: motocin haya da a da suke wuce ni a kan kwalta, sai ga shi muna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Kuma hanyar da na saba bi daga garejinmu zuwa wurin aiki, sai mita ta riƙa nuna ta ragu, kamar an matso da ƙauyen kusa. Ƙauye dai ba ya tafiya.

Abin ya tsaya mini a rai, sai na ɗauki igiya na zagaye tsohuwar taya da ke jingine a sito, na ƙulla alama. Na zagaye sabuwa da igiyar nan, ta kasa haɗewa, saura kusan taƙi ɗaya. Nan na gane. Mota ba ta ganin hanya, juyawar taya take ƙirgawa. Ita har yau a lissafinta ƙaramar taya ce a ƙafarta, alhali kowane juyi sai ta ƙara cin ƙasa da taƙi guda. Allura tana cewa casa'in, motar tana kusa da ɗari. Tirakar da kuka liƙa a motar, wadda ke aiko muku da rahoto ofis, ba ruwanta da taya, gudun gaskiya take faɗa. Ita ba ta yi ƙarya ba. Ni ma ban yi ba. Na kai wa shugaban direbobi, Malam Dikko, igiyar nan da ƙullinta. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce yaushe na zama injiniya da igiyar ɗaure akuya.

Na uku, fitilar birki. Duk lokacin da na karya sitiyari zuwa ƙarshe, tayar gaba ta hagu tana gugar jikin mota. Ina jin ƙarar, na faɗa, aka ce sabunta ce, za ta zauna. Ashe wata siririyar waya take ci, wadda ke kai wa kwamfutar motar labarin yadda tayar ke juyawa. Wata Talata da safe, ina fitowa ta Ƙofar Marusa, sai fitila mai ruwan ɗorawa ta kama a allon da ke gaban sitiyari. Na kai motar wurin makaniken da kamfani ke hulɗa da shi. Ranka ya daɗe, wallahi a gabana ya yanko baƙin salatif ya manna a kan fitilar, ya buga bonet ya ce an gama. Na ce masa ai ciwon na nan, idon kawai ya rufe. Ya ce motoci nawa ya yi wa haka, babu wanda ya dawo masa da ƙorafi.

Ban ƙyale ba. A ranar hutuna na je wurin wani mai gyaran wayar mota a Ƙofar 'Yandaka, mutum mai natsuwa. Ya jona na'urarsa, ya nuna mini wayar da ta tsinke, na gani da idona. Ya ce muddin fitilar nan na kunne, abin da ke hana tayoyi ƙamewa idan an taka birki da ƙarfi ba ya aiki. Ya ce ana iya gaya wa kwamfutar sabon girman taya, ko a sa wata 'yar na'ura ta daidaita allurar, aikin da bai wuce yini ba. Na roƙe shi ya rubuta a takarda, na miƙa a ofis. Ban san inda ta kwana ba.

Na huɗu, abin da safayar ta yi mana. Muna dawowa daga aiki da injiniyoyi biyu a baya, ƙusa ta fasa tayar baya, na sa safaya. Uku manya, ɗaya ƙarama. Motar ta rikice: wata fitilar ta kama ƙiftawa, in na taka totur sai ta yi nauyi kamar ana jan ta da baya. A hankali na lallaɓo ta har gari. Injiniyoyin nan biyu suna nan da ransu, a tambaye su ko mai ganganci haka yake tuƙi.

Ranka ya daɗe, ni mai haƙuri ne, kai ma ka sani. An sha barin mu a daji babu abinci ban ɗaga murya ba. Amma wannan ta sha bamban. Direba ba shi da takardar makaranta da zai nuna, sunansa ne takardarsa. Satin da ya wuce na je neman tuƙi a wani wuri don kada in zauna haka nan, mai wurin ya buɗe wayarsa ya nuna mini takardarku, ya ce in yi haƙuri. Mahaifiyata ta ji a gidan suna cewa ɗanta yana wasa da rayukan mutane. Kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba.

Ga abin da nake roƙo.

A fito da motar, ka shiga da kanka ko ka wakilta wanda ka yarda da shi. A hau kwalta, a tsayar da allura a kan casa'in, wani ya zauna ofis yana kallon tiraka, a kira juna a waya. Rabin awa ya isa. Idan lambobin suka zo ɗaya, ni ne maƙaryaci, zan rubuta ban haƙuri a fili kamar yadda na rubuta wannan, kuma ba za ka sake ganina a bencinka ba. Idan suka saɓa, a janye takardar a wurin da aka sa ta, da sunana kamar yadda aka sa, a mayar mini da makullina.

A cire salatif, a gyara wayar, a daidaita allurar, a sayi safaya daidai da sauran.

Sannan na ji an ba abokin aikina Malam Sada motar. Dattijo ne mai bin doka, allura zai kalla kamar yadda na kalla. Jiya na tare shi a bakin masallaci na gaya masa ya tsaya a tamanin. Ya ce to, amma na ga a idonsa yana tunanin maganar korarre ce. Daga bakinka zai yarda. Don Allah ka gaya masa kafin ya ɗauki mutane ranar Litinin.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya tsare ka da iyalinka a kan hanya, ya tsare duk wanda zai shiga motar nan.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Lawal direba, Ƙofar Marusa, Katsina.