Karatu Ba Murya

Garwa, daren Laraba

Yau muka yi jarrabawar, kuma ban yi abin kirki ba. Tun bara nake zuwa ajin manya na koyon Faransanci na Madam Asta bayan La'asar, don in ci jarrabawar nan in ajiye tsintsiya a asibiti in koma ɗakin awon jarirai. Faransancin ya zauna, ita kanta ta shaida.

Amma ni a makarantar allo na tashi, inda karatu da murya ake yi, jiki yana rausaya. Da aka raba takardu na yi bismilla na fara, ban ma san sautina yana fita ba. Matar da ke tsaronmu ta zo kaina ta ce, "Dada, silans!" Wato Inna, yi shiru. "Nan ba zauren malam ba ne." Aka yi dariya.

Gaskiyarta ce, na shiga haƙƙin mutane. Na ba da haƙuri, na danne bakin mayafina da haƙori. Ina rufe baki sai kalmomin suka daina shiga. Ina ganinsu, na san su, amma kamar ba mu taɓa haɗuwa ba. Rabin takardar haka na miƙa babu komai.

Madam Asta tana jirana a ƙofa. Da ta ji, ta ce, "Wayyo Hajja, laifina ne. Daɗin muryarki ya hana ni tsawatar miki a aji." Sai baɗi kuma, in da rai.

Gobe da asuba ni zan share ɗakin awon. Duk takardun da ke manne a bangonsa na iya karanta su. Lokacin babu kowa, ko na ɗaga murya ba wanda zan dama.