Ƙofar da Ban Rubuta Ba

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya, ke da 'yarki Mamana.

Jiya da na tashi daga asibiti na je na kalli fim ɗin da aka yi da littafinki. Wuri ya cika, har tafi aka yi. Sun yi ƙoƙari da birnin aljanu, ko da yake dokin iskan da kika ɓata shafi goma a kansa bai fi jaki ba. Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba.

A littafi, cikin hasumiyar gishiri Sarkin Aljanu ya kulle marayun nan biyu. A fim kuwa ɗaki ne. Koriyar ƙofa, sakata ta waje, da huda uku a ƙasa daidai idon yaro. Auta, ni na yi hudar nan da ƙusa don ki daina kukan duhu. Ɗakin da Baffa yake kulle mu ne bayan rasuwar Baba. Na kasa tashi daga kujera sai da mai shara ta taɓa ni.

Ƙarshen ma sun canza. Ke kin sa yaran sun tsere da kansu, su kuma sun sa sarkin ya buɗe ƙofa yana kuka, yaran suka yafe masa.

Mun yi alkawari ba mai jin zancen nan. Ke kika faɗa musu?

Ki huta lafiya.
Yayarki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Mamana tana gaishe ki, wai har yanzu tana jiran takalminta.

Wallahi ban faɗa wa kowa ba. Kin san ni da tsoro, ban ma kalla ba sai da wasiƙarki ta zo. Ko rabi ban kai ba na fito.

Da safe na tafi kamfanin da ya yi fim ɗin. Darakta ya ce canza ƙarshen nasa ne, wai masu kallo ba sa son komawa gida da ɗaci a baki. Na ce to ɗakin fa? Ya yi dariya ya tura ni rumfar kafintoci. Ƙofar tana nan jingine a bayan tarin katako, kuma hudar uku ce, na sa yatsa na ƙirga.

Shugabansu ya ce, “Ai wani dattijo ne ya yi ta. Muka ce hasumiya, ya ce shi ya fi mu sanin labarin. Hannunsa na dama yatsa huɗu ne, amma ban taɓa ganin mai aiki irinsa ba.”

Yaya, hannun Baffa ke nan. Ba cewa aka yi ya mutu ba?

Na tambayi inda yake. Ya ce tun da aka gama aiki dattijon ya tafi, amma kwanan baya ya dawo ya ce shi ya raine ni, yana son kawo mini gaisuwa. Suka kwatanta masa gidana. Sati uku ke nan.

Ki yi mini addu'a.
Auta

*

Yaya,

Ban jira amsarki ba. Yau da rana Mamana ta dawo daga makaranta rungume da 'yar kujerar katako. Na ce wa ya ba ki? Ta ce, “Kakana. Kullum yana zaune a bencin mai shago, yana raka ni har kwanar layinmu.”

Na leƙa ta taga. Yana nan. Ya rame, gashinsa ya yi fari tas, littafina a kan cinyarsa. Na fita, na tsaya a tsallaken titi. Bai tashi ba. Ya ce, “Auta, kin girma. Na karanta, na kuma kalla. Na fi son ƙarshen fim ɗin.”

Ban san abin da yake so ba, gafara ko yarinyar. Na yi shekara talatin da biyar, amma da ya ɗaga hannu zai gyara hula sai na ga na kare fuskata.

Me zan yi?
Auta

*

Auta,

Gaisuwa. Na ba direban motarmu wannan wasiƙar ya kawo miki hannu da hannu.

Kada Mamana ta je makaranta, ki kai ta gidan surukarki yau. Kada ki sake fita wurinsa ke kaɗai. Na ɗauki hutu, gobe kafin azahar ina ƙofarki.

In gafara yake nema, sai ya fara faɗin abin da ya yi mana da bakinsa, a gaban mai shago da duk wanda ke kan titin, mu biyu muna tsaye.

Allah ya tsare.
Yayarki