Sunan da Kaka ta Rubuta da Ruwan Shayi

Zuwa ga Chunlin, sanyin idona, inuwata a tsakar rana, mai muryar da ke kwantar mini da hankali ko da ta waya ce,

Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba da karatu, domin na aikata abin da ka hana ni. Na je ƙauyenku ni kaɗai, na ga Kaka!

Kada ka ɓata rai, masoyina. Tun da asibiti ya tura ka Gansu kake cewa in jira ka dawo mu tafi tare, wai Kaka ta rantse jikanta ba zai auri 'yar birnin da ba ta iya bambanta ganyen shayi da ciyawa ba. To har yaushe zuciya za ta yi ta tsayuwa a bakin ƙofa? Da aka ba mu hutun farkon Mayu na sallami ɗalibaina, na hau motar Anxi, gundumarku.

A kan tudu na same ta, tsakanin layukan shayi. Na gaishe ta, na faɗi ko ni wace ce. Ta dube ni sama da ƙasa, idonta ya daɗe a kan takalmana, sannan ta miƙo mini kwando. Na yi ta tsinka har yatsuna suka yi tsami, ita kuwa tana bin kwandon tana watsar da rabin abin da na tara.

Da muka koma gida ta dafa shayi, ta tambaye ni ko na san ma'anar sunanka. Na ce mata ruwan bazara. Ta ce wannan ai ko ɗan aji ɗaya zai karanta, ita dalilin sunan take tambaya. Na ce ban sani ba, amma ina son in sani.

Haba Chunlin, me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba? Ashe a shekarar fari aka haife ka, shayi na bushewa a tsaye, rijiyoyi sun ja baya. Rabin farko na sunanka, Chun, bazara, ba zaɓin kowa ba ne, rabon tsararku ne a jerin da kakanni suka tsara, shi ya sa 'yan uwanka suke Chunshan da Chunhai. Rabi na biyu ne marigayi kakanka ya zaɓa. Ya ɗaga kai ya dubi sama babu ko ɗigon gajimare, ya ce Lin, ruwa mai daɗewa yana zuba, wanda ake rubuta shi da hadari a bisa, itatuwa biyu a ƙasa. Maƙwabta suka yi masa dariya, wai tsoho ya sa wa jariri sunan abin da babu. Kafin ka yi wata a duniya sama ta buɗe, aka yi ta ruwa har masu dariyar suka zo barka da jajayen ƙwai, kamar yadda al'ada take, suna sunkuyar da kai.

Ina sauraro hawaye na zubo mini, domin ni ma haka ka same ni, a bushe, na cire rai da tsiro. Wane ruwa ne ya taɓa sauka a hankali kamar yadda ka sauka a rayuwata?

Ganin ina kuka, sai Kaka ta ce in share ido, akwai saura. Wai saboda tsoron kada miyagun iskoki su yi sha'awar yaro mai suna mai kyau haka, a gida Gouwa ake kiran ka, ɗan kwikwiyo, har ka shiga makaranta. Likita guda! Na yi dariya har na ƙware da shayi, ita ma ta dara, tana bubbuga mini baya.

Ta tsoma yatsa a kofinta, ta rubuta harafi ɗaya a kan tebur, rana da wata a gefen juna. Ming, haske.

Ta ce, "Wannan ne rabon 'ya'yan Chunlin. Ba a faɗa wa baƙo. Ki je ki nemo harafin da zai zauna kusa da shi, 'yata, amma kada ki zaɓa da garaje irin yadda kike tsinkar ganye."

Na zuba wa rubutun ido har ya bushe. Da safe ta raka ni tasha, ta cusa mini ƙunshin shayi a jaka, ta ce in zo girbin kaka da takalman kirki.

Yanzu ga ni a Fuzhou, ko a aji nake sai in tsinci kaina ina gwada sunaye a gefen allo. Na samu waɗanda suka kwanta mini, amma ba zan faɗa maka a takarda ba. Ina son in ga fuskarka lokacin da za ka furta su. Ka roƙi hutu, farin cikina, ka dawo kafin bikin cikar wata na tsakiyar kaka, mu hau tudun nan tare mu durƙusa a gabanta.

Taka ce ni yau, taka ce ranar da gashina zai yi fari kamar na Kaka,

Lanfen