Yaya Habi, Ni Ma Na Rasa Ƙafa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, Yaya Habi.

Ina miƙo gaisuwar girmamawa irin ta ƙane ga yayarsa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki. Ni ne Lawwali, autanku. Na san saƙo ba ya isa inda kike, amma akwai labarin da ya tokare mini ƙirji, kuma duk duniya babu wanda zai gane shi kamar ke.

An yanke mini ƙafar hagu, Yaya. Bara da damina ne, a hanyar Zango. Na sauke fasinja ina komowa Daura a kan babur ɗina na acaɓa, wata motar kaya ta kauce wa rami ta haɗa da ni. A asibiti sun yi iya ƙoƙarinsu, ƙafar ta ƙi. Daga gwiwa zuwa ƙasa babu.

Da aka sallamo ni na shige ɗaki na ƙi fitowa. Hadiza matata, wadda ba ki riski aurenmu ba, takan ajiye mini tuwo, ta dawo ta tarar ya sandare ban taɓa ba. Masu dubiya su cika zaure, in ce a gaya musu barci nake. Ba ciwon ne ya fi damuna ba. Idon mutane nake gudu, da wannan "sannu, bawan Allah" da ake yi wa wanda aka riga aka cire rai da shi.

A kwanciyar nan ce kika riƙa faɗo mini a rai.

Na tuna gidanmu na Sandamu bayan rasuwar Baba. Shan inna ya shanye ƙafafunki tun kina ƙarama, Umma kuma idonta ya fara dushewa, ni ko ban isa riƙe fartanya ba. Kawu ya zo da shawara, wai a riƙa kai ki bakin masallaci a Daura ranar Juma'a, ko a samu na cefane. Kika sunkuyar da kai cikin ladabi kika ce, "Ƙafa ce ta mutu, Kawu. Hannuwana lafiyarsu ƙalau."

Kika je wurin Malam Iro tela ya koya miki ɗinki. Kekunansa duk na takawa ne. Ya dube ki da tausayi ya ce, "Habi, da me za ki taka?" Kika ce to ya ba ki kalmasa da ɗinka maɓalli, tunda su ba sa neman ƙafa. Rani ya wuce, damina ta wuce, kina zaune a tabarma bakin shagonsa da allura a hannu, idonki yana kan yadda yake yanka yadi.

Har yau ina ganin keken guragunki, mai juyawa da hannu, yana kafewa a rairayin layinmu. In ya nutse, sai ki sauko, ki rarrafa gabansa, ki jawo shi da igiya har ya fito, ki karkaɗe zanenki ki sake hawa.

Tunkiyar da Baba ya bar miki kika sayar, kika sayi tsohon keken ɗinki na hannu. Da farko ba mai ba ki sabuwar atamfa, sai facin tsofaffin kaya. Da aka ƙaddamar da Shari'a, mata da yawa suka daina zuwa wurin teloli maza a gwada su, sai ga su suna sallama a gidanmu ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta zo sau ɗaya ba ta ƙara neman wani tela. A Sallar shekarar nan na fara sa takalmi sabo fil.

Sai ga ruwan da ya rushe bangon ɗakinki. Allah ya sa kina tsakar gida. Keken ɗinkin da kayan mutane duk suna ƙarƙashin laka. Umma ta ɗora hannu a ka tana salati, ni na fashe da kuka. Ke kuwa kika rarrafa cikin taɓon kika fara tono da hannu. Da kan keken ya bayyana kika waiwayo kika ce, "Lawwali, kawo mini kananzir da tsumma. Kuka sai an jima."

Da wannan keken kika ciyar da mu, kika sa ni makaranta, kika yi jinyar Umma har ta cika. Ke ma ba ki daɗe ba kika bi ta, da ɗinkin wata amarya da ba ki ƙarasa ba.

Wata safiya na ce wa Hadiza ta miƙo mini sandunan da aka ba ni a asibiti. Ban kai ƙofar gida ba na faɗi. Na tashi na sake faɗuwa. Da kyar na isa garejin Garba bakanike, wanda a da nake kai wa babur ɗina gyara, na roƙe shi ya koya mini aikin. Allah ya saka masa, bai tambaye ni komai ba, ya tura mini wata tsohuwar taya da ƙafa ya ce in zauna.

Ba zan ɓoye miki ba, abin bai zo da sauƙi ba. Wasu tsofaffin abokan acaɓa sukan tsallake ni su miƙa wa wani bakanike babur ɗinsu, sannan su dunƙula ɗan wani abu su sa mini a aljihu. Nakan mayar musu, in ce aiki nake so. Sannu a hankali na iya kwance inji in haɗa shi. Na kafa 'yar rumfata kusa da tasha, ta fara kama ƙasa, sai aikin faɗaɗa titi ya bi ta kanta. Yanzu a gindin wata darbejiya nake zama da akwatin kayan aikina. Wata rana a samu gyara mai kyau, wata rana faci kaɗai. Amma kullum ina fita, kuma tukunyar Hadiza ba ta kwana a kife.

Ga abin da ya sa na rubuto miki, Yayata.

Da ina yaro na ɗauka ke ba kya gajiya. Nakan ga kina tsoma hannuwanki a ruwan ɗumi da yamma, in zaci sabo ne kawai. Nakan ga kantar da ke gwiwoyinki, ban taɓa tunanin kafin ta zama kanta sai da ta zama gyambo ba. Yanzu da hammatata ta saluɓe saboda sanda, yanzu da dungulmin ƙafata yake zugi in hadari ya haɗo, yanzu da nakan farka wata safiyar in ji ba na son ganin kowa, na gane. Kina gajiya, Yaya. Kullum kina gajiya, kuma kullum kina fita. Ba ki da wanda za ki gaya wa, ga makauniyar uwa ga ƙaramin yaro, sai kika riƙa yi mana murmushi.

Sannu, Yaya Habi. Sannu da wahala. Na so a ce na faɗa miki wannan kina ji.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya sa duk taƙin da kika rarrafa saboda mu ya zama nauyi a mizaninki. Allah ya haɗa ki da Umma da Baba a inuwa ɗaya. Ranar da za a buɗe ƙofar Aljanna, Allah ya sa ki shige ta a tsaye, da ƙafafunki biyu, ni kuma ina biye da ke.

Ƙanenki mai kewarki,
Lawwali, daga Daura.